Wasiƙa daga Glasgow: kuɗin haraji tsakanin matatar wiski da gadon asibiti

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na gida. Ina fata wannan wasiƙa ta same ku lafiya. Ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da tsadar rayuwa? Mu nan Glasgow sai godiyar Allah, ana ta fama da sanyi da yayyafin da ba ya ɗaukewa.

Maganar giya zan yi muku yau, kuma na san wani zai ce abin da aka haramta mana, ina ruwanmu da yadda Turawa suke yi da shi. Hukuncin addini sananne ne, malamai sun gama bayani a kansa. Abin da ya dame ni kuɗin jama'a ne, harajin da ake cirewa daga albashina tun kafin ya shigo hannuna, da inda gwamnati take kai shi. A ƙasar nan ta Sikotland, baitulmalin da yake biyan jinyar wanda giya ta lalata wa hanta shi ne kuma yake tallafa wa masu yin giyar. Ana tufka ana warwara, kuma kowa ya saba har ba a ganin abin a matsayin abin mamaki.

Sai kun san matsayin wiski, wata giya mai ƙarfi da ake yi a nan, kafin ku gane nauyin maganar. Matatun wiski sun kai kusan 150 a ƙasar da mutanenta kimanin miliyan biyar da rabi ne. A shekarar 2023 kaɗai an fitar da wiski na fam biliyan 5.6 zuwa ƙasashen waje. Tsibirin Islay mai mutane kusan 3,000 yana da matatu da suka kai goma. A babban titin Princes Street na birnin Edinburgh, kamfanin Diageo ya buɗe katafaren gida mai hawa-hawa a 2021 don baƙi su zo su ga tarihin wiskinsa mai suna Johnnie Walker. Wiski a wurinsu kaya ne na alfahari, gadon kakanni, abin da ake bai wa babban baƙo. Ɗan siyasar da ya taɓa shi ya taɓo gidan rina.

A ɗaya gefen kuma, a waccan shekara ta 2023, mutum 1,277 ne suka mutu a Sikotland da cututtukan da giya kaɗai ce sanadinsu, adadin da ba a ga irinsa ba tun 2008. Wannan bai haɗa da haɗarin mota ba, ko faɗa, ko ciwon daji da giya take da hannu a ciki. Kuma mutuwar ba ta raba daidai. A unguwannin talakawa ta ninka ta unguwannin masu hali fiye da sau huɗu. Ina aikin kula da marasa lafiya a wani asibiti, na ga waɗannan mutane da idona: ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura da ruwa har sai an sa roba an zuƙe, wani yana aman jini. Da yawansu ba tsofaffi ba ne. Magidanta ne 'yan shekara arba'in da hamsin, masu 'ya'ya a makaranta, kuma idan sun farfaɗo sukan yi maka godiya cikin kunya har tausayinsu ya kama ka.

Ba za a ce gwamnatin nan ta naɗe hannu ba. A 2012, lokacin Nicola Sturgeon tana ministar lafiya, majalisar Sikotland ta yi dokar da ta ƙayyade farashin da ba za a sayar da giya ƙasa da shi ba. Ana lissafin ne da ƙarfin barasar da ke cikin kwalba, kowane mililita goma na tsantsarta awo ɗaya ke nan, kuma aka sa wa awon rabin fam. Manufar ita ce a kashe kasuwar giya mai ƙarfi mai arha. Akwai wata gorar roba ta lita uku, mai awo 22 da rabi, da ake sayarwa ƙasa da fam huɗu; da dokar ta fara aiki ba ta sayuwa ƙasa da fam 11.25. Amma ku ji yadda aka yi kafin ta fara. Ƙungiyar masu wiski, Scotch Whisky Association, ta kai gwamnati ƙara. Shari'a ta tashi daga Edinburgh, ta je kotun Tarayyar Turai a Luxembourg, ta dawo, ta ƙare a Kotun Ƙolin Birtaniya a watan Nuwamban 2017, inda gwamnati ta yi nasara. Sai ranar 1 ga Mayun 2018 doka ta soma aiki. Shekara shida ke nan aka ɓata.

Binciken da hukumar lafiyar jama'a ta Sikotland ta fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa dokar ta rage irin wannan mutuwa da kashi 13.4 cikin ɗari idan aka kwatanta da abin da zai faru ba don ita ba, wato rayuka kusan 150 a kowace shekara, mafi yawa a unguwannin talakawa. Ku lissafa da kanku abin da jinkirin shekara shida ya ci. Binciken bai ɓoye rauninta ba: waɗanda giya ta riga ta zama musu jiki ba su rage sha sosai ba, wasu ma kuɗin abinci suka rage don su saya. Waɗannan magani suke buƙata da mai zama da su, farashi kaɗai ba ya fitar da su. A watan Satumban 2024 aka ɗaga awon zuwa kwabo 65 na kuɗin nan. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarin kuɗin da mai saye yake biya ba haraji ba ne, ba ya zuwa asibiti. A hannun masu kantuna da masu sarrafawa yake tsayawa.

To, masana'antar da ta riƙe wannan doka a kotu shekara da shekaru, ita ce kuma ake yi wa hidima da kuɗin jama'a. A kasafin kuɗin watan Maris na 2020, Rishi Sunak yana ministan kuɗi, gwamnatin Landan ta ware fam miliyan 10 don matatun barasa su koma amfani da makamashi mai tsafta, kuma a wannan kasafin ta ƙi ƙara ko kwabo a harajin giya. Kafin nan an daina tsarin ƙara harajin a kowace shekara sama da hauhawar farashi, na giyar kwalba a 2013, na wiski da sauransu a 2014, har aka rage na wiski a 2015. An yi ƙari mai yawa a watan Agustan 2023, amma bayan shekarun sassauci. Hukumomin bunƙasa tattalin arziki na Sikotland suna ba sababbin matatu tallafin gini da kayan aiki. Jakadu da ministoci suna yawo duniya don a buɗe wa wiski kasuwa. A yarjejeniyar ciniki da Indiya ta 2025, babban abin da aka yi ta murna da shi a nan shi ne rage kuɗin fiton wiski daga kashi 150 zuwa 75 cikin ɗari, sannan zuwa 40 a cikin shekara goma. Babban ministan Sikotland, John Swinney, har fadar shugaban Amurka ya je a watan Satumban 2025 kan harajin wiski. Amma a kasafin gwamnatin Sikotland na 2016, kuɗin da ake ba cibiyoyin taimakon masu shaye-shaye an zabtare musu kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Talla ma haka. A ƙarshen 2022 gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a kan taƙaita tallan giya a filayen ƙwallo da allunan titi da cikin kantuna, saboda yara. Masana'antar ta tayar da ƙura. Da Humza Yousaf ya hau kujerar babban minista a 2023, Musulmi na farko da ya riƙe ta, cikin makonnin farko ya ce a janye shawarwarin a sake lale. Na kawo sunansa ne don ku ga cewa matsalar ta wuce ko shugaba yana sha ko ba ya sha. Duk wanda ya zauna a kujerar, lissafin haraji da ayyukan yi da ƙuri'a iri ɗaya za a ajiye masa a tebur.

Hujjar masu tallafin tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. A tsibirin Harris, inda matasa suka daɗe suna gudu zuwa birane don babu aiki, an buɗe matata a garin Tarbert a 2015 da taimakon kuɗin gwamnati, kuma samari da 'yan mata sun sami abin yi a gida. Wanda ya taso a ƙauyen da ci-rani ya kwashe majiya ƙarfinsa ya san darajar wannan. Amma in mutanen Harris ake so a taimaka, ai akwai jirgin ruwa mai zuwa a kan lokaci, da gidaje masu sauƙin kuɗi, da saƙar ulu da tsibirin ya yi suna a kanta. Kamfanin da yake cinikin biliyoyi kuwa yana da ƙarfin sayen tukunyar da ba ta hayaƙi da kuɗinsa. Kuɗin jama'a ba shi da yawa, duk fam ɗin da ya tafi can an hana shi wani wuri. Kuma tallafin da zai sa a sayar da ƙarin kwalabe, a nan ko a Indiya, ƙarin marasa lafiya yake nufi a wani asibiti, ko da ba a namu ba.

Tsallaken ruwa abin ya fi haka. Tarayyar Turai tana kashe kusan yuro biliyan ɗaya a shekara kan manoman inabi da masu yin giyarsa, wani ɓangare don tallata ta a ƙasashen waje, alhali shirinta na yaƙi da ciwon daji na 2021 ya sa burin rage shan barasa mai cutarwa. A 2023 Faransa ta ware yuro miliyan 200 don a saye giyar da ta yi kwantai a mayar da ita sinadarin wanke hannu da turare. A Japan kuwa hukumar haraji ce da kanta ta shirya gasa a 2022 tana neman dabarar da za ta sa matasa su ƙara sha, saboda kuɗin shiga ya ragu. Duk wannan a duniyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa tana kashe mutum miliyan 2.6 a shekara.

Kada mu ɗauka abin na nesa ne. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya na Najeriya suka koma kan dawa, kuma dawar daga gonakin Arewa take fitowa. A Kaduna ma an kafa masana'antar giya a Kakuri. Harajin VAT da ake karɓa a kan giya yana shiga asusun da ake raba wa dukan jihohi, har da waɗanda Hisbah take fasa kwalabe a cikinsu, kuma kun tuna yadda aka yi mana gori a kan haka lokacin rigimar VAT ta 2021. Gorin yana da zafi, amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu a cikinsa: daga kason da muke karɓa, nawa ne yake zuwa wajen jinyar matasan da shaye-shaye ya kama, na kwalba ne ko na ƙwaya?

Abin da ya fi kama da labarin Sikotland shi ne barasar leda, wadda ake sayarwa a tashoshin mota da bakin kasuwa da kuɗin da yaro ɗan firamare zai iya biya, ya ɓoye a aljihun wando. A 2018 hukumar NAFDAC da ma'aikatar lafiya suka yi yarjejeniya da masu sarrafawa cewa za a daina yin ta, da ta ƙananan kwalabe ƙasa da mililita 200, aka ba su shekara biyar su shirya. Wa'adi ya cika a ƙarshen Janairun 2024. Da hukumar ta fara kamen kaya, sai zanga-zanga ta tashi, aka ce jari zai salwanta, ma'aikata za su rasa aiki, Majalisar Wakilai ta sa baki, aka ƙara wa'adi zuwa ƙarshen 2025. Kalmomin da na ji a nan su ne na ji a can, ba a canza ko ɗaya ba. Direban da ya kora leda biyu kafin ya ɗauki hanyar Abuja zuwa Kaduna, fasinjojinsa ba ya tambayar addininsu, 'yan'uwanmu ne a cikin motar.

Don haka roƙona gare ku, musamman 'yan jarida da malaman asibiti da masu zuwa wajen 'yan majalisa: duk lokacin da kuka ji an ƙara wa'adi, ko an yafe haraji, ko an ba wani kamfanin barasa sassauci da sunan jawo jari, ku nemi a faɗa muku adadin kuɗin a fili, ku ajiye shi kusa da kasafin asibitin masu taɓin hankali na jiharku. Mu a nan doka ta ba baƙi masu izinin zama damar jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar Sikotland, kuma 'yan takara suna bin gida-gida. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata, zan tambaye shi ko zai goyi bayan a ɗora wa manyan kantunan da ke sayar da giya haraji na musamman, irin wanda aka yi daga 2012 zuwa 2015 aka bari, a zuba kuɗin kai tsaye a cibiyoyin jinya.

A gaishe mini da kowa da kowa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Glasgow