Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Falonmu Ya Zama Shagon Gahawa

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya ne a inda Umma ta ajiye aikin koyarwa, ta dawo gida da kwalaye cike da littattafai, ta rasa yadda za ta yi da safiyarta. Yau zan ba ku labarin cikarta shekara 60, wanda ya zo 'yan watanni bayan haka.

Mu huɗu ta haifa: Yaya, ni, ƙanina, sai Auta. Da maganar taron ta taso, Yaya ya ce a kama babban ɗakin taro a gayyato tsofaffin ɗalibanta. Ban yarda ba, kuma ina da dalili. Duk taron da aka taɓa yi a gidanmu, a kicin Umma take ƙare shi. Ko ɗakin taro aka kama, na san tashi za ta yi ta riƙa zagaya tebura tana tambayar wanda bai samu abinci ba. Abin da nake nema shi ne tsarin da zai ɗaure ta a kujera ba tare da an yi mata faɗa ba. Auta ce ta kawo shawarar shagon gahawa, domin a irin wannan shago mai saye ba ya shiga bayan kanta. Zama yake yi, a tambaye shi abin da ransa ke so, a kawo masa.

Kuma Umma mashayiyar gahawa ce tun muna yara. A daren da take gyaran takardun jarrabawa, cokali ɗaya na garin gwangwani take zubawa a ruwan zafi, ta ajiye kusa da jan bironta, ta manta da ita har ta huce. Haka take shanye ta da sanyinta. Ban taɓa ganin wani ya dafa ya miƙa mata ba, har da ni.

Dahuwar ita ce aikin da na ɗauka. Ba mu da injin esfireso irin na shaguna, wanda ke tura ruwa cikin gari da matsin da ya kai ninki 9 na matsin iska, don haka na aro tukunyar moka wurin wata abokiyar aikina. 'Yar ƙaramar tukunya ce ta alminiyom mai kusurwa takwas, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933. Ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, tururi ya turo ruwan ya ratsa garin ya taru a sama. Abin da ya fi muhimmanci a wurinta kunne ne: da zarar ta fara wannan gurnani na ƙarshe, a sauke ta, in ba haka ba ɗaci ya shiga. Na kuma sayi butar gilashi mai matsewa, wadda ake zuba gari mai tsakuwa-tsakuwa a ciki, a bar shi minti 4 cikin ruwa, sannan a danna rariyar a hankali. Ma'aunin da na riƙe shi ne giram 60 na gari a lita ɗaya ta ruwa. Ruwan kuma ba a zuba shi yana tsakar tafasa. A bar shi ya ɗan lafa zuwa tsakanin digiri 90 da 96.

'Ya'yan gahawa na saya, ba gari ba, na nau'in arabika, saboda ɗayan nau'in, robusta, ta fi ɗaci kuma sinadarin kafin mai hana barci da ke cikinta ya kusa ninka na arabika biyu. A ganina duk wanda zai yi irin wannan taro, in kuɗinsa abu ɗaya za su saya, to ya sayi 'ya'yan ya niƙa da kansa a ranar. Ƙamshin da ke tashi lokacin niƙa ya fi duk wani ado da za a rataya a bango. Kumfar madara kuwa ba ta buƙatar inji: a ɗumama madarar zuwa digiri 60 ko 65, a juye a butar gilashin, a yi ta ɗaga rariyar ana saukewa har ta kumbura.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai muka raba aiki. Muka tura manyan kujeru jikin bango, muka jera ƙananan tebura, teburin cin abinci ya zama kanta. Ƙanina ya tsaya tare da ni a bayanta. Yaya ya rataya tawul a kafaɗa ya riƙe ɗan littafin rubuta oda. 'Ya'yansa biyu suka zama masu kai tire. Auta ta rubuta jerin abin sha da alli a kan baƙin allo: baƙar gahawa, kafucino (gahawa mai kumfar madara), mai cakulan, mai ƙanƙara, sai koko na yara, da kek a ƙasa.

Da rana muka sa taron, ba da dare ba, domin sinadarin kafin yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, kuma akwai dattawa cikin baƙinmu. Matar Yaya tana da juna biyu a lokacin, likitarta ta ce kada ta wuce miligiram 200 na sinadarin a rana, don haka kofi ɗaya ƙarami muka tanadar mata. Goggo kuma, mai fama da bugun zuciya, muka nemo mata wadda aka cire wa sinadarin kafin.

Baba ne ya fita da Umma tun safe da sunan ziyara. Da suka dawo ta turo ƙofa, sai ta yi turus. Ta dubi teburan, ta dubi allon, ta dube ni da tawul a ƙugu. Abu na farko da ta yi shi ne ajiye jakarta ta nufi kicin. Yaya ya tare hanya, ya ɗan rusuna.

"Ranki ya daɗe, ma'aikata kaɗai ke shiga nan. Ga teburinki can kusa da taga."

"Kai, ba ni hanya in ga abin da kuka ɗora."

"Umma, yau ke baƙuwa ce. Me za a kawo miki?"

Sai ta yi shiru. Wallahi shirun nan ya fi komai tsaya mini a rai. Matar da ta san wanda ba ya son sukari da wanda madara ke ɓata wa ciki a cikinmu duka, an tambaye ta abin da take so, ta rasa amsa. Ta ce, "Duk abin da ya sauwaƙa." Yaya ya ce babu wannan a allo. Dole ta taka zuwa gaban allon ta karanta daga sama har ƙasa. A nan ta ga Auta ta tsallake harafi ɗaya, ta sa babban yatsa ta goge wurin, ta miƙa hannu a ba ta alli, ta gyara da wannan rubutu nata mai tsayuwa da muka sani tun muna firamare. Sannan ta ce, "Kafucino. Amma da zafinta nake so."

Dokar shagon ita ce kowane kofi a rubuta sunan mai shi, a kira shi da murya in an gama. Da aka zo kan nata, ƙanina ya ɗauki biro zai rubuta "Umma", sai Baba ya karɓe. Ya rubuta sunanta na yanka, wanda mu ba ma iya faɗa, ɗalibai kuma "Malama" kawai suka sani. Shi ya ɗauki kofin, shi ya kira sunan a tsakiyar falo, shi ya kai mata. Ta rufe fuska da gefen mayafi tana cewa, "Haba Malam, a gaban yara?" Amma ta riƙe kofin da hannu biyu, ta sha, kumfa ta maƙale mata a leɓe, ƙaramar jikarta ta goge mata.

Ba a biyan kuɗi a shagonmu. Duk wanda ya karɓi kofi, labari ɗaya zai bayar game da Umma. Goggo ta ba da na ƙuruciyarsu. Matar Yaya ta faɗi yadda Umma ta kwana a zaune a asibiti daren haihuwarta ta fari. Kawu, da yake tarihi ya karanta, sai da ya fara bi da mu ta Habasha inda itacen ya samo asali, da Yaman inda aka fara dafa shi a ƙarni na 15, da tashar jiragen ruwa ta Moka da tukunyata ta ci sunanta. Ya ce shagon farko a Landan an buɗe shi a 1652, kuma mutanen Ingila sun riƙa kiran irin waɗannan shaguna jami'ar kwabo, domin da kwabo ɗaya mutum zai zauna ya saurari masana. Daga nan ya juya ya dubi ƙanwarsa Umma ya ce shi jami'arsa ta farko ita ce, don ita ta zauna da shi ta koya masa lissafin da ya gagare shi, alhali shi ne babba. Muryarsa ta karye, bai ƙarasa ba.

Tukunyar moka ƙananan kofuna shida kawai take fitarwa a tashi ɗaya, don haka layi ya yi tsawo, amma ba wanda ya ƙosa. Jiran ma ya zama hira. Aka yanka kek, aka yi wa Umma addu'ar tsawon rai da lafiya, kuma har baƙi suka watse ba ta taɓa ko cokali ɗaya da niyyar wankewa ba.

Muna cikin wanke kofuna da daddare ne ƙanina, wanda ya gama karatu ya daɗe yana zaune ba aiki, ya ɗaga tukunyar yana juya ta a hannu. Ya ce, "Anti, in na ce wannan sana'ar nake so in koya, kina ganin Baba zai yarda?" Na ce masa ya bari gari ya waye mu same shi tare. Yadda muka kwashe da Baba a kan wannan magana, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.