Airsporter ko Mark 3: Bindigogin Iska Biyu daga Birmingham

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanoni biyu na birnin Birmingham a Ingila sun fito da bindigogin iska waɗanda har yau masu tara tsofaffin bindigogi ke muhawara a kansu. Webley & Scott ya fara sayar da Mark 3 a 1947, BSA kuma ya biyo baya da Airsporter a 1948. Na daɗe ina sarrafa su duka biyun, kuma na yi imani cewa wanda ya fahimci bambancinsu ya fahimci hanyoyi biyu na ƙera abu mai kyau.

Aikinsu iri ɗaya ne. Ana jawo wata sanda da ke ƙarƙashin bindigar domin a danne sifirin, sai a saka ƙwayar darma a cikin wani ɗan makunni mai juyawa kamar kan famfo, a rufe, sannan a taɓa kunama, fistan ya tura iskar da za ta fitar da ƙwayar. Da yake ba a lanƙwasa bututun domin ɗanawa kamar na yawancin bindigogin iska, saitinsa ba ya gocewa saboda yawan buɗewa da rufewa.

Webley bai ƙirƙiro sabon fasali ba, domin ya ɗauko tsarin wata bindigar kamfanin Diana na Jamus ta kafin yaƙi. Ƙarfinsa yana wajen gamawa. An goge ƙarfen har ya yi santsi kafin a rina shi baƙi mai sheƙi, ƙotar kuma ta katakon walnat ce, kuma idan mutum ya juya makunnin zai ji ya zauna daram, babu ko ɗan motsi. Sandar ɗanawa tana fili a ƙarƙashin bututun, abin da ya sa gabanta ya ɗan yi nauyi, amma ni wannan nauyin yana taimaka mini wajen tsayar da hannu. Inda ta gaza shi ne wurin ɗora madubin saiti, wanda aka ƙara mata daga baya da ɗigon walda, kuma an san yana ɓallewa idan aka ɗora masa madubi mai nauyi.

BSA kuwa tunani ya zuba. Ya ɓoye sandar a cikin katakon, ta yadda bindigar ta fito siririya, kamar ta farauta mai amfani da albarushi. A samfuran farko, da zarar an ɗana ta sai makunnin ya buɗe da kansa, kuma wannan dabara ce da take ba ni sha'awa duk lokacin da na gan ta. Sai dai samfuran baya ba su riƙe wannan darajar ba, domin an yi ta rage tsadar ƙira har aka cire wannan dabarar, shi ya sa masu saye suke neman samfuran Airsporter biyu na farko, wato Mark 1 da Mark 2.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani. Faɗin ramin bututun tsofaffin bindigogin Ingila masu lamba .22 ya kai milimita 5.6, alhali yawancin ƙwayoyin yanzu 5.5 ne, don haka sai an gwada iri daban-daban kafin a sami wadda ta dace. Fatar da ke kan fistan ma tana bushewa idan bindigar ta daɗe a ajiye, kuma tana buƙatar ɗan mai kafin ta dawo da ƙarfinta.

Da za a ce in riƙe ɗaya kawai, Airsporter ta farko zan ɗauka, saboda ta fi daɗin ɗauka a kafaɗa, kuma fasalinta na BSA ne tun daga tushe. An daina ƙera Mark 3 a 1975, lokacin da bindigogin Jamus irin su Weihrauch HW35 da Feinwerkbau Sport suka fara mamaye kasuwar Ingila, musamman saboda laushin kunamarsu, wanda babu ɗaya daga cikin waɗannan biyun da ta kai shi.