Tarihin Rayuwata a Sana'ar Rubutu, Kashi na 7: Shafi Ɗaya, Akwati Shida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan makon zan jingine labarin kaina, domin abin da ke tafe ba zai fahimtu ba sai an san yadda aikin kansa yake, wato rubutun littafin zane (labarin da ake bayarwa da zane-zane) da na gem (wasan kwamfuta ko na waya).

Abin da ke fara kayar da wanda ya fito daga rubutun hikaya shi ne manta wanda zai karanta takardarsa. A littafin zane mai karatu ba ya ganin rubutunka na asali, mai zane ne ke ganinsa, shi kake yi wa bayani. Sai ka sa "Shafi na 1, akwati 5", ka bi akwatunan, wato gidajen zane da ake raba shafi da su, ɗaya bayan ɗaya: wa ke ciki, ina yake tsaye, dare ne ko rana, me ya faɗa. Kowane akwati motsi ɗaya yake ɗauka. Idan ka rubuta "ta tura ƙyaure, ta shiga, ta sauke tulu, ta zauna", akwati huɗu ka nema. Zaɓi lokacin da ya fi nauyi: tulu na kanta, hannu a kan ƙyaure, idonta ya sauka kan takalmin baƙo a bakin ɗaki. Sauran mai karatu zai cike da kansa a ɗan farin layin da ke raba akwati da akwati.

Sai ƙidayar kalmomi. Fitowa ɗaya ta irin littattafan Amurka shafi 20 zuwa 22 ce. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ake jingina wa Mort Weisinger, tsohon edita a DC, kamfanin littattafan zane na Amurka: a shafi mai akwati 6, kada akwati ya wuce kalma 35, kada kumfar magana ɗaya, wato da'irar da ake rubuta maganar mutum a ciki, ta wuce 25. A nan Hausa ke ba mu wahala, don mu mutanen gaisuwa ne. "Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙarfin jiki" sun cinye akwati tun ba a shiga zance ba, kumfa ta rufe fuskar da mai zane ya kwana yana gyarawa. Bar zane ya yi gaisuwar. Yarinya ta durƙusa, ta ce "Ina kwana, Baba", kowa ya gane ladabi ya cika.

Lura da juya shafi. Shafi na 1, 3, 5 a dama suke, na 2, 4, 6 a hagu. Abin mamaki a saman shafin hagu ake ajiye shi, in ba haka ba ido ya riga ya hango shi. Idan a waya za a karanta ana ja sama, tazarar fili ce ke yin wannan aikin.

Kafin a zuba magana a kumfa, gwada samfurin haruffan. Da yawa daga na littafin zane ba su da Ƙ, Ɗ, Ɓ. Jarumi ya ce "na ƙare", a buga "na kare", an ɓata shafi.

Gem kuma wata duniya ce, don ɗan wasa ke riƙe da linzami. Sabon shiga yakan ba da zaɓi biyu a kowace mararraba, kowane zaɓi da hanyarsa daban. Mararraba 10 kacal, ƙarshe 1,024 ke jiran a rubuta. Da wuya a gama ta haka. Dabarar ita ce rassa su rabu na ɗan lokaci su sake haɗuwa, a ajiye alama kan abin da ɗan wasa ya zaɓa. Ya taimaki mai shayi a farko? Can gaba mai shayin ya tsegunta masa hanyar ɓoye. Manhajojin rubuta irin wannan labari, Twine da Ink da Ren'Py, duk kyauta ne, kuma Twine ba ya bukatar sanin haɗa manhaja kafin ka fara.

Mafi yawan aikin ma ba babban labari ba ne, gajerun maganganu ne a jadawalin Excel: lambar layi, mai magana, yanayin da zai faɗe ta, iyakar haruffa. Mai gadi ɗaya zai so "wa ke nan?" kala goma, don ɗan wasa zai wuce ta gabansa sau ba adadi.

Neman aiki da abin da aka kammala ake yi. Labari mai shafi 5 da aka zana har ƙarshe, da gem na minti goma, sun fi rubutun shafi 200 da ke kwance a kwamfuta. Taron haɗa gem na Global Game Jam na kowace Janairu awa 48 ne, a nan ake haɗuwa da masu zane da masu manhaja. Duba ayyukan kamfanonin Comic Republic a Legas, Leti Arts a Gana, da Kiro'o Games a Yawunde ka ga mizanin da ake bi.

Kada ka fara rubutu sai takarda ta fayyace abu huɗu: kuɗin shafi ko na kalma, kafin alƙalami, gyara sau nawa, da wanda ya mallaki jaruman. Na ƙarshen nan shi ke raba abokai, a kansa za mu ɗora mako mai zuwa in Allah ya kai mu.