Na je Malihabad kafin mangwaro ya nuna

Ni dai da ma mangwaro na je sha a Malihabad, wani gari kusa da birnin Lucknow a arewacin Indiya, ashe lissafina ne bai yi ba, don farkon watan Maris na sauka, su kuma irin mangwaronsu da ake kira Dashehari sai Yuni yake nuna. Daga Delhi na hau jirgin ƙasa zuwa Lucknow, awa shida da ɗoriya, wani abokina ɗan Kano da ke karatu a can ya tarbe ni a tasha, washegari muka ɗau mota, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba sai ga lambuna hagu da dama duk sun yi fure, ƙamshi har cikin mota.

A lambun wani dattijo muka yada zango, abokina na ce masa chacha, wato kamar baffa a wajenmu. Ina ta ɗaukar hoto sai na hango wani reshe furensa ya dunƙule ya yi curi guda jingim, na ce masha Allah, wannan bana zai yi 'ya'ya kamar me. Da aka fassara masa sai ya kwashe da dariya, ya sa almakashi ya datse shi a gabana. Wai wannan ɗin ne ciwon, gumma suke ce masa. Furen ya fito gajere mai kauri a cunkushe, yawancinsa namiji, ba ya ɗaure ɗa, haka zai bushe ya yi baƙi yana maƙale a bishiya yana yaɗa cutar. Wallahi na ji kunya.

Abokina da yake harkar noma yake karanta, shi ya ƙara min bayani a hanya. Wani nau'in fumfuna ne mai suna Fusarium mangiferae ke kawo shi, wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke zama a cikin tohon suna taimaka masa, kuma tun 1891 aka fara ba da rahotonsa a Darbhanga ta jihar Bihar. Ya fi tsanani a arewacin Indiya inda ake sanyi lokacin fure. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yana bin reshen da ake yi wa bishiya aure da shi, kuma kun san mu da son tsinko reshe a ƙasar mutane mu kawo gida.

Sai na tambayi chacha, to babu irin da cutar ba ta kamawa ne? Ya ce akwai mana, Bhadauran da Elaichi. Na ce to me ya hana ku shuka su ku huta? Ya yi min wani kallo ya ce wa zai saya? Masu tsada irin su Dashehari da Langra da Chausa duk tana kama su, su kuwa masu juriyar 'ya'yansu ba su da kasuwa. Gara masa duk shekara ya bi bishiya ɗaya bayan ɗaya ya yanke curin, ya haɗa da ɗan lafiyayyen reshe, ya tara ya cinna wuta. Ni ma da lambuna ne haka zan yi, ba ƙarya.

Na so mu biya gandun Kalimullah Khan, wani shahararren manomin mangwaro na garin, mu ga wata bishiya da ya yi wa aure da iri sama da 300, amma magariba ta kawo kai. Chacha ya ɗura mana shayi mai madara kofi bibbiyu, ya ce in dawo a Yuni in dai da gaske nake.