Mintuna biyar na Midway da suka ci mini shekara guda

A makon jiya na mayar da katin ɗakin karatu, na kwashe takarduna daga ofishin ɗaliban digiri na biyu. Tunda yanzu sakamakona yana hannuna, zan faɗi abin da ya sami babi na uku na kundina, saboda ƙannenmu da ke tafe.

Kundin a kan yaƙin ruwa ne tsakanin Amurka da Japan a tekun Fasifik, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun farko an so in koma kan Burma, inda kakanninmu suka gwabza da Japan a ƙarƙashin tutar Ingila, amma ni Midway, wasu ƙananan tsibirai a tsakiyar tekun, ce ta tafi da hankalina. A yaƙin da ya ɓarke a can ranar 4 ga Yuni 1942, Japan ta yi asarar manyan jiragen ruwa huɗu masu ɗaukar jiragen yaƙi, wato Akagi da Kaga da Soryu da Hiryu, tare da mutum fiye da 3,000, Amurka kuwa ta rasa irin wannan jirgi guda ɗaya, Yorktown.

Babin nawa kacokan ya dogara ne da shaidar Mitsuo Fuchida, jami'in Japan da ya jagoranci harin jiragen sama a kan sansanin Amurka na Pearl Harbor, wanda a ranar Midway yana cikin Akagi yana jinyar tiyatar da aka yi masa. Shi ya bayar da labarin cewa jiragen Japan sun riga sun jeru a filin tashi da ke saman jirgin ruwan, saura mintuna biyar su ɗaga, sai ga jiragen Amurka sun rikito daga sama da bama-bamai. Labarin ya yi mini daɗi ƙwarai, har na ɗora shafi talatin a kansa, ina kafa hujja cewa sa'a ce kawai ta raba gardama a wannan rana.

Ranar kare kundi, mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a ya cire tabarau ya ɗora a kan babin, ya ce, "Malam, ka duba rajistar tashi da saukar jirage ta wannan safiya?" Na ce ban duba ba. Cikin natsuwa ya bayyana mini cewa rajistar ta nuna jiragen yaƙin Japan samfurin Zero masu tsaron sama suna ta tashi da sauka har zuwa bayan ƙarfe goma, kuma ba ya yiwuwa filin da ake sauka a kansa ya kasance cike da jirage masu jiran tashi. Jiragen harin suna ƙasa a ma'ajiya, cike da mai, ga bama-bamai a zube kusa da su saboda umarnin da kwamandansu Nagumo ya bayar na sauya makamai sannan ya janye, shi ya sa wutar ta yi irin wannan ɓarna. Hatta Hiryu da ta tsira a lokacin ba ta iya tayar da jiragenta ba sai kusan ƙarfe goma sha ɗaya. Masana a Japan sun daɗe da yin watsi da labarin, kuma tun 2005 Jonathan Parshall da Anthony Tully suka warware shi dalla-dalla da Turanci.

Kuskuren nawa ne, na kuwa karɓe shi. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne malamin da ke duba aikina, wanda shi da hannunsa ya ba ni littafin Fuchida, ya riƙe babin wata huɗu bai gyara komai ba sai waƙafi da jerin manazarta, ya sa hannu, amma a gaban kwamiti ya gyara zama ya ce ai ya sha gaya mini in faɗaɗa bincikena. Na dube shi, na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," domin ɗalibin da ya musa wa malaminsa a wannan zaure ya san makomarsa.

Shekarar da aka ƙara mini ta buɗe mini ido. Na gane cewa ganau ma yana da buƙatarsa, kuma jami'in da aka ci da yaƙi zai fi son a ce ƙaddarar mintuna biyar ce ta kayar da su, a kan a ce shirinsu ne ya gaza, alhali mutanen Joseph Rochefort, masu fasa saƙonnin sirri na sojan ruwan Amurka, sun riga sun karanta saƙonninsu na sirri, Nimitz, kwamandan rundunar ruwan Amurka a Fasifik, ya ɗana musu tarko. Na kuma ga cewa ƙwararrun matuƙan Japan ba a Midway suka ƙare ba, a Guadalcanal da sauran tsibiran Solomon aka yi ta cin su kaɗan-kaɗan daga Agusta 1942, yayin da masana'antun Amurka ke ƙera jirage fiye da yadda Japan za ta iya.

Duk wanda zai taɓa takardun Japan ya sani da agogon Tokyo suke aiki, don haka Midway a wurinsu 5 ga Yuni ce. Kuma duk gyaran da malami ya yi maka, ka adana takardar mai ɗauke da sa hannunsa da kwanan wata.

Sabon babin ni kaɗai na rubuta shi, mai jarrabawar nan kuma ya amince da shi ba tare da gyara ko ɗaya ba. Sunan malamina yana nan a shafin godiya kamar yadda ƙa'ida ta tanada, a layi ɗaya.