Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a wasan Antigoni

Salamu alaikum jama'a. Tun daren Asabar nake son rubuta wannan amma gajiya ta hana, sai yau na samu na zauna. Alhamdulillahi mun yi wasan Antigoni an tashi lafiya, bayan wata huɗu muna rihasal a ajin da aka ara mana, wani lokacin har bayan isha'i.

Masu ta kirana suna tambaya wai wane irin wasa ne, Sofokilis ne ya rubuta shi, mutumin Atina ta ƙasar Girka, wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wa da ƙani ne, Etiyokilis da Polinaikis, suka kashe juna a kan sarautar birnin Tebes, kawunsu Kiriyon ya hau karaga ya ce a yi wa na farko sutura, shi kuwa Polinaikis tunda shi ya kawo wa garin yaƙi a bar gawarsa a fili karnuka da tsuntsaye su ci, wanda duk ya binne shi a bakin ransa. 'Yar'uwarsu Antigoni ta ce ita kam ba za ta iya ba, ta je ta watsa masa ƙasa da hannunta. Da na fara kawo maganar wasu sun ce ina ruwan Bahaushe da labarin Girkawa, ni kuwa na san duk wanda ya taɓa raka gawa maƙabarta ba sai an yi masa bayani ba. Ola Rotimi ma, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Najeriya, tun 1968 ya ɗauko labarin Odifus uban Antigoni ya mai da shi ƙasar Yarbawa. Mu dai a Tebes ɗinsa muka bar shi, harshe kawai muka sauya.

Godiyata ta farko ga ƙanwata da ta fito a Antigoni, da mahaifinta. Baba da fari cewa ya yi 'yarsa ba za ta hau dandamali ba, sau uku ina zuwa gaishe shi, rannan ya ce in karanta masa, na karanta, ya yi shiru can ya ce Allah ya yi albarka. Ranar wasan na hango shi a layin baya da carbinsa. Baba na gode, Allah ya ƙara girma.

Sai dattawan Tebes, masu amshi. A zamanin Sofokilis mutum 15 ne, mu 9 muka samu, kuma duk maza ne ke wasan a wancan lokacin da abin rufe fuska, mu fuska a buɗe muka yi. Mai kalangun da ya riƙe musu kiɗa ko sisi bai karɓa ba, telanmu kuma kwana ya yi a kan keke.

Ku kuma 'yan kallo ban san da wane baki zan gode muku ba. Daidai lokacin da yaro ya jawo makahon boka Tiresiyas zai yi wa sarki kashedi aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, gabana ya faɗi na ce shi ke nan, sai wani ya kunna tocilan wayarsa, na kusa da shi ma ya kunna, kafin ka ce kwabo zauren ya haskaka kuma ba wanda ya tashi, yaran nan suka ci gaba a haka har inda ɗan aike ya zo da labarin Antigoni ta rataye kanta a kogo, Hemon ɗan sarki da zai aure ta ya kashe kansa. Girkawa ba sa nuna kisa a dandamali, faɗa ake yi, mu ma haka muka bi, amma ina jin shesshekar mutane daga bayan labule.

Waɗanda suka rasa kujera suka tsaya a ƙafa ku yafe mana.

Da aka tashi wata Hajiya ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta ce ɗan nan, nawa ɗan tun da ya fita ba mu gan shi ba, ko gawarsa ba a kawo mana ba. Na rasa abin cewa, na durƙusa kawai. Hajiya ban tambayi sunanki ba, in wani naki ya ga wannan don Allah ya isar miki, mu duka mun yi masa addu'a a daren kafin mu watse.