Daren da na kai kan ɗana likita

Da a Kano matata ta haihu, da ban san komai ba, kuma ba wanda zai ce na gaza. Haihuwar fari gida ake tafiya: wankan jego, kunun kanwa, gashin cibiya, duk na mata ne. Namu ragon suna da itacen dafa ruwa.

To, a Yamai ta same mu. Na zo gyaran waya a kasuwar Katako, na ɗauko ta daga baya. Muna shirin ta koma gida sai aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Masu ƙarfin hali na bi ta daji a kan babur wajen Ƙonni, amma wa zai ɗora mai tsohon ciki a babur? Umma ma gwiwa ba ta barin ta. A Satumba aka haifi yaron, daga ni sai ita a ɗaki ɗaya a Bukoki.

Kwanansa 12, cikin dare ba wuta, na haska shi da fitilar waya. Sai na ga tsakiyar kansa na motsi, sama da ƙasa. Na ɗora yatsa, laushi tuɓus, ba ƙashi! Uwarsa ta samu barci da ƙyar, ban ko tashe ta ba. Na naɗe shi a zani, na buga wa maƙwabciyarmu ƙofa, wata dattijuwa 'yar Tawa, na ce, "Inna, kan yaron nan a buɗe yake." Ta ce maɗiga ce, in koma in kwanta. Ban yarda ba. Sai likita, wato asibiti a bakin mutanen nan.

Ungozomar da ke gadi ta duba shi, ta dube ni, ta kira abokiyar aikinta da Zabarmanci. Ban ji kalma ɗaya ba, amma dariyar na ji ta sarai. Sannan ta ce da Hausa, "Malam, kai ma da ita aka haife ka." Ta ce ƙasusuwan kai ba sa haɗewa da wuri, don jariri ya samu hanyar fita, ƙwaƙwalwa kuma ta samu wurin girma, takan rufe wajen shekara ɗaya da rabi. Abin tsoro shi ne in ta lotsa, ruwan jiki ya yi ƙasa kenan, ko ta kumbura ga zazzaɓi.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ce, da alfahari ma, ai ruwa kam ina ba shi a cokali saboda zafi. Fuskarta ta canza. Nono zalla har wata 6, ko ɗigon ruwa babu. Ta tambayi katin rigakafinsa, ban san inda yake ba. Shekarata 29, ina warware cikin waya in mayar, na tsaya kamar ɗalibin da bai yi hadda ba.

Yanzu ni ke riƙe katin. Sati 6, sati 10, sati 14, ta ƙyanda a wata 9, ni na bi layi, namiji ɗaya cikin mata. Samarin Katako na ce min "uwar goyo", amma biyu sun riga sun zo tambaya a ɓoye.

Da na ba Umma labarin a waya, dariya har da tari. Ta ce Baba 'ya'ya 11 ya haifa, ba ta taɓa ganin ya ɗauki jariri a gaban mutane ba, ni kuwa ɗan fari ko sunana ba ya kamawa. Na daɗe ina tunanin ko ya san maɗiga. An buɗe iyaka a Maris 2024, har yau ban haɗa kuɗin motar da zan kai musu shi ba.

Jiya da za mu yi sallama da Umma, na jiyo muryarsa daga nesa: "Tambaye shi, kan baƙon nasu ya rufe kuwa?"